Daga Duban Ɗan Tayi Zuwa Duban Ƙwaƙwalwa: Haƙƙin Ikara, Maƙarfi da Kudan a Kan Masana Hausa

1.0 Gabatarwa

Akwai wata na'ura da jama'ar ƙasar Zazzau suka saba gani a ɗakin awon ciki. Ana shafa wa mai juna biyu wani ruwa mai yauƙi a mara, a goga mata kan na'urar, sai hoto baƙi da fari ya bayyana a allo. A bakin jama'a sunan aikin "sikanin", a rubuce kuma an fi cin karo da "duban ɗan tayi". Sunan na biyu ya yi daɗin faɗa, ya kuma dace da tsarin Hausa, amma ya tsuke na'urar a ɗaki guda. Wanda ya ji shi ba zai taɓa kawowa a ransa cewa da na'urar nan ake leƙa cikin kan jariri ba, ko a auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yaro mai sikila, ko likitan tiyata ya lalubo ƙari da ita yana tsakiyar aiki.

Wannan maƙala tana da ra'ayi biyu da suke tafiya tare. Na farko, ya kamata manyan asibitocin ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan su riƙa duban kan yara da wannan na'ura, a matsayin matakin farko na hanyar da za ta kai mara lafiya ga likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da ke Shika. Na biyu, wannan aiki ba zai kankama ba sai masana Hausa sun sa hannu, domin wani ɓangare na jinkirin da ke kashe yara ko ya nakasa su yana faruwa ne a cikin kalmomin da ake yi wa iyaye bayani da su.

2.0 Yadda sauti ke zama hoto

Kunnen ɗan'adam yana jin sautin da kaɗawarsa ba ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa ba. Na'urar da ake magana a kai tana aika sautin da ke kaɗawa sau miliyan 2 zuwa miliyan 15 a daƙiƙa, ko fiye. Sautin yana ratsa tsoka da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, kuma duk inda ya tarar da iyaka tsakanin abubuwa biyu mabambanta, kamar ruwa da nama, sai wani kaso nasa ya dawo. Na'urar tana lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo da kuma ƙarfin da ya dawo da shi, ta mayar da lissafin hoto. Bahaushe ya san wannan dabi'a ta sauti tun kafin zuwan asibiti: ita ce amsa-kuwwa, wadda makiyayi ke ji idan ya yi kira a gindin dutse. An ce gani ya kori ji, to a nan jin ne yake haifar da ganin.

Tushen fasahar yana cikin kimiyyar ma'adinai. A shekarar 1880 'yan'uwan nan biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa wasu duwatsu masu ƙyalli suna fitar da lantarki idan aka matsa su. Ba da jimawa ba aka tabbatar da akasin haka, wato idan aka sa musu lantarki sai su motsa. Dutse guda ke nan zai iya zama baki ya kuma zama kunne. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Paul Langevin ya yi amfani da wannan wajen neman jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku.

Abin lura ga mai nazarin suna shi ne, ƙwaƙwalwa aka fara nufa da na'urar a fagen likitanci, kafin mahaifa. A 1942 wani likitan jijiyoyi ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Dussik, ya wallafa ƙoƙarinsa na ganin ɗakunan ruwan ƙwaƙwalwa ta hanyar ratsa kai da sauti. Daga baya aka gano cewa hotunan nasa bambancin kaurin ƙashin kai suke nunawa. A tsakiyar shekarun 1950 Lars Leksell na Suwidin ya yi amfani da amsa-kuwwa don gane ko jini da ya taru ya ture ƙwaƙwalwa gefe guda bayan rauni. Sai a 1958 Ian Donald na Gilasgo ya wallafa aikin da ya buɗe ƙofar duban ciki da ɗan tayi. Dalilin da ya sa mahaifa ta sha gaban ƙwaƙwalwa a bayyane yake: ciki ba shi da katanga, ƙwaƙwalwa kuwa tana cikin ƙoƙon ƙashi mai shanye sauti da karkatar da shi.

3.0 Ƙofofi uku a ƙoƙon kai

Duk da wannan katanga, akwai ƙofofi uku da sauti ke shiga.

Ƙofar farko ita ce maɗiga. Allah ya bar wa jariri wannan taga a tsakiyar kai, ba ta rufewa sai ya kai tsakanin shekara ɗaya da shekara biyu. Idan aka ɗora kan na'urar a kanta, ana ganin ɗakunan ruwan ƙwaƙwalwa sarai, ba tare da allurar barci ba, ba tare da hasken da ke cutarwa irin na hoton ƙashi ba. Ƙwaƙwalwa tana samar da wani ruwa garai-garai a kullum, kusan rabin lita ga baligi, yana zagayawa ta ɗakuna huɗu sannan jini ya shanye shi. Idan hanyarsa ta toshe sai ya taru, ɗakunan su buɗe, kan jariri ya yi ta girma. Maɗiga ta kumbura, jijiyoyin fatar kai su fito raɗo-raɗo, idanu su riƙa kallon ƙasa, yaro ya yi ta amai. Binciken da Benjamin Warf ya wallafa a 2005 daga asibitin yara na Mbale a Yuganda ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na jariran da ya yi wa aiki sun samu ciwon ne bayan wata cuta mai zazzaɓi da ta kama su suna jarirai. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin muna zaune a yankin sanƙarau, kuma haihuwa a gida da yankan cibi ba da tsafta ba suna buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Wani kason kuma yana zuwa tare da tsagewar ƙashin baya da ake haihuwar yaro da ita, wadda shan sinadarin folik asid tun kafin ɗaukar ciki yake rage aukuwarta ƙwarai, saboda lakar ɗan tayi tana rufewa ne cikin kwana 28 na farko.

Ƙofa ta biyu ita ce siririn ƙashin da ke tsakanin ido da kunne. A 1982 Rune Aaslid ya nuna cewa sauti mai kaɗawa sau miliyan 2 yana iya ratsa wannan wuri ya auna gudun jini a manyan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Amfanin wannan ga ƙasar Hausa babba ne, saboda amosanin jini. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara, kuma idan babu rigakafi kusan ɗaya cikin goma yana samun shanyewar ɓarin jiki kafin ya cika shekara 20. Inda hanyar jini ta tsuke, jini yana ƙara gudu, kamar yadda ruwan rafi ke yi idan ya shiga matsatsi. Wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 1998 ya tabbatar da cewa yaran da gudun jininsu ya kai santimita 200 a daƙiƙa suna cikin haɗari, kuma ƙarin jini a kai a kai ya rage haɗarin da kashi 92 cikin 100. Ƙarin jini duk wata ba abu ne da talakan Kudan zai iya ba. Shi ya sa gwajin da aka yi a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, wanda aka wallafa a 2022, yake da muhimmanci. An ba yara 220 maganin haidroksiyuriya, wasu miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20, aka ga shanyewar jiki ta yi ƙaranci a ɓangarorin biyu. Wannan ilimi ne da aka samo a ƙasarmu, da yaranmu.

Ƙofa ta uku ita ce wadda likitan tiyata yake buɗewa da kansa. Da zarar an ɗaga ƙashi, katangar ta kau, sai a ɗora kan na'urar a kan rigar ƙwaƙwalwa a ga ƙari ko ƙurji ko gudan jini da ke ƙasa. George Dohrmann da Jonathan Rubin na Cikago suna cikin waɗanda suka yaɗa wannan dabara a farkon shekarun 1980. Fa'idarta ita ce ƙwaƙwalwa tana gusawa bayan an buɗe kai ruwa ya zuba, saboda haka hoton da aka ɗauka jiya ba ya nuna wurin ƙarin daidai a yau. Manyan asibitocin Turai suna magance wannan da na'urar maganaɗisu da ake girkawa a ɗakin tiyata, wadda kuɗinta ya kai miliyoyin daloli. Na'urar amsa-kuwwa tana ba da hoton nan take da ɗan kaso kaɗan na wannan kuɗi. Ga asibitin koyarwa a Arewa, wannan ita ce hanya mafi kusa da aljihu.

Akwai kuma wani sabon fage, inda ake tattara sauti daga ɓangarori da yawa a kan ɗigo guda a cikin ƙwaƙwalwa har ya ƙone shi ba tare da an tsaga kai ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016 don maganin wata irin karkarwar hannu. An ambace shi ne don cikar bayani, amma buƙatar ƙauyukanmu tana ga ƙofofin farko guda biyu.

4.0 Tsakanin Ikara da Shika

Tiyatar ƙwaƙwalwa ta fara a Nijeriya a 1962, lokacin da Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya kafa sashenta a Badun. Arewa ta daɗe tana jira. Farfesa Bello Bala Shehu yana cikin waɗanda suka assasa fagen a wannan yanki, musamman da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A yau Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na Shika a 2005, yana da likitocin wannan fanni, kuma shi ne madogarar arewacin Jihar Kaduna da maƙwabtanta.

A taswira, Hunƙuyi da Maƙarfi da Ikara ba su da nisa da Zariya. Amma nisan mara lafiya ba a auna shi da kilomita kaɗai. Manomin rake a Maƙarfi ko Kudan, ko mai noman tumatir da masara a Ikara, kuɗinsa yana zuwa ne da kaka ko lokacin sare rake da dafa mazarƙwaila. Kafin ya ɗauki jariri zuwa Shika sai ya lissafa kuɗin mota, da na kati, da na hoto, da na abincin mai jinya, da kwanakin da zai bar gona. Idan ba shi da tabbacin cewa ciwon na asibiti ne, zai fara da abin da ke kusa: ungozoma, wanzami, mai magani, kemis. Babu wauta a cikin wannan lissafi. Wautar tana ga tsarin da ya bar shi ba shi da wurin da zai samu amsa mai sauƙi a kusa da gida. Kowane wata da ya wuce, ruwan yana ƙara matse ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya lalace na gani da hankali ba lallai ne tiyata ta dawo da shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsarin da nake ganin ya dace yana da hawa uku. Hawa na farko ba ya buƙatar lantarki ko kaɗan: tef ɗin awo. Kewayen kan jariri sabon haihuwa yana kusan santimita 35, kuma akwai jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya da ke nuna yadda ya kamata ya ƙaru. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya a matakin farko. Duk ranar rigakafi ana auna nauyin yaro. Ƙara awon kai ba zai ci minti guda ba. Hawa na biyu shi ne babban asibitin ƙaramar hukuma, inda za a duba maɗigar duk yaron da awonsa ya haura layi, a kuma ware rana don auna gudun jinin yara masu sikila. Hawa na uku shi ne Shika, inda za a tura hoton ta waya tun kafin iyaye su hau mota, likita ya ce a zo gobe ko a jira wata guda a sake dubawa.

Masu aikin ma ba sai an nemo su daga nesa ba. Makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris tana cikin garin Maƙarfi, ta daɗe tana yaye ma'aikatan da ke riƙe da asibitocin karkara. Masu binciken sikila a Kano da Kaduna sun riga sun horar da ma'aikatan jinya su auna gudun jinin ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Abin da ya yiwu a birnin Kaduna babu dalilin da zai hana shi yiwuwa a Ikara.

5.0 Rabon kimiyyar kayan ƙira

Araha ko tsadar wannan aiki tana rataye ne a kan abin da aka ƙera kayan da shi. Tun daga shekarun 1950 kan na'urar ana yin sa da wani tangaran na musamman da aka haɗa da dalma da wasu ƙarafa biyu, wanda sai an yanka shi ƙanana-ƙanana an jera, shi ya sa yake da tsada kuma yake lalacewa idan ya faɗi. A 2017 hukumar Amurka ta amince da Butterfly iQ, wadda ta maye gurbin tangaran da dubban ƙananan ganguna da aka zana a kan guntun silikon, ana haɗa ta da wayar hannu, kuma an fara sayar da ita a kusan dala 2,000. Ba kowace ƙaramar na'ura ce ta dace da kowane aiki ba, awon gudun jinin sikila musamman yana da nasa sharuɗɗa, amma alƙiblar ta fito: na'urar tana ƙanƙancewa, tana aiki da batir, farantin sola guda yana iya riƙe ta.

Labarin bututun da ake sa wa yaro mai ruwa a kai ya fi wannan jan hankali. A 1955 aka haifa wa wani maƙerin injuna a Filadelfiya, John Holter, ɗa mai wannan ciwo. Ya koma ɗakin aikinsa ya ƙera wata 'yar ƙofa mai barin ruwa ya wuce ta gefe guda, ya yi ta da robar silikon wadda jiki ba ya ƙi, likita Eugene Spitz ya fara sa wa yara ita a 1956. Har yau bututun silikon ne ake bi da shi ta ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki. Shekara hamsin bayan haka Warf ya kwatanta bututun Chhabra na Indiya, mai dala 35, da wani na Amurka mai dala 650, bai ga bambanci a sakamakonsu ba bayan shekara guda. Shi ne kuma ya inganta wata tiyata da ake huda wa ruwan sabuwar hanya da siririyar kyamara, a ƙona wani sashe na wurin da ke samar da shi, yadda yara da yawa ba sa buƙatar bututu sam. Wannan yana da daraja ga ɗan ƙauye, domin bututu yana toshewa, kuma toshewarsa cikin dare a wuri mai nisa da asibiti tana iya zama ajali.

Ko ruwan yauƙin da ake shafawa abin bincike ne. Aikinsa shi ne korar iska daga tsakanin fata da na'ura, domin iska tana mayar da kusan dukkan sautin baya. A gabashin Kwango an gwada wanda aka dama da garin rogo aka ga yana ba da hoto mai kyau a kan lafiyayyar fata, ko da yake ba a kai shi ɗakin tiyata. Zariya tana da sashen nazarin ƙarafa da kayan ƙira a Jami'ar Ahmadu Bello, tana da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa a Basawa. Haɗa ruwan shafawa mai tsafta, da ƙera kan roba na koyo wanda ɗalibi zai gwada hannunsa a kai kafin ya taɓa ɗan mutum, ayyuka ne da ba su fi ƙarfin waɗannan wurare ba.

6.0 Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa ke kashe yara ba ta da hurumin zancen tiyatar ƙwaƙwalwa. Hujjar tana da nauyi, amma ta ɗauka cewa sabon gini da sabon kasafi ake nema. Na'urar tana nan a ɗakunan awon ciki da dama. Abin da ya rage shi ne kan da ya dace da jariri, da horo, da rana guda a mako. Bugu da ƙari, yaron da ya rayu da makanta ko shanyewar jiki nauyi ne na shekaru a kan uwa, kuma sau da yawa yayarsa ce ake cirewa daga makaranta ta yi reno.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: na'urar ba ta fi hannun mai riƙe da ita ba. Wanda bai ƙware ba zai iya cewa lafiya lau alhali akwai ciwo, iyaye su koma gida da kwanciyar hankalin ƙarya. Haka kuma inda duba ya zama kasuwa, za a yi ta duban da ba a buƙata don a karɓi kuɗi. Maganin wannan shi ne a taƙaita tambayoyin da ma'aikacin karkara zai amsa, alal misali ko ɗakunan ruwa sun buɗe ko ba su buɗe ba, a kuma wajabta ajiye kowane hoto don ƙwararre ya bi sawu.

Na uku, dole a faɗi iyakar na'urar ƙarara. Ɗan acaɓan da ya faɗi a hanyar Zariya zuwa Kano, wajen Tashar Yari, ya bugu a kai, ƙashinsa ya riga ya rufe. Abin da yake buƙata shi ne hoton siti sikan da gaggawa. Tsayar da shi a ƙaramin asibiti ana goga masa na'ura ɓata lokaci ne mai haɗari. Na huɗu, gano ciwo ba tare da hanyar biyan kuɗin aiki ba azaba ce kawai aka ƙara wa iyaye. Saboda haka duk shirin da za a yi sai ya haɗa da sanya tiyatar yara da maganin sikila cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha.

7.0 Inda masana Hausa suka shigo

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya kawo wannan zance mujallar nazarin Hausa. Amsar tana cikin kalmomi huɗu.

Ta farko ita ce "hoto". Da wannan kalma guda ake kiran hoton ƙashi, da siti sikan, da hoton maganaɗisu, da duban amsa-kuwwa. Uban da ya biya kuɗin hoto a Ikara, aka ce masa a Shika sai an yi hoto, zai ɗauka ana so a cuce shi ne. Ta biyu ita ce "jijiya", wadda ta haɗa hanyar jini, da igiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Bayanin shanyewar jiki ga uwar mai sikila ya dogara ne ga rarrabe ta farko da ta biyu. Ta uku ita ce "ƙwaƙwalwa" kanta. A Hausar yau da kullum "likitan ƙwaƙwalwa" da "asibitin ƙwaƙwalwa" suna nufin masu kula da taɓin hankali. Idan aka ce wa uwa za a tura ɗanta wurin likitan ƙwaƙwalwa, abin da ta ji daban ne da abin da aka nufa, kuma tsoron surutun dangi zai iya hana ta zuwa. Ta huɗu ita ce "maɗiga". Iyaye mata Hausawa sun daɗe suna lura da ita, wannan kuwa jari ne babba. Sai dai faɗawarta alama ce ta ƙarewar ruwan jiki, wadda ruwan gishiri da sukari ke taimaka wa, kumburinta kuwa alama ce ta matsi a cikin kai ko sanƙarau. Saƙon rediyo da bai raba waɗannan biyu ba zai iya jawo a yi wa yaro maganin da ya saɓa wa ciwonsa.

Ina ba da shawarar a yi nazarin "duban amsa-kuwwa" a matsayin sunan gama-gari, a bar "duban ɗan tayi" ga reshensa na awon ciki, a samar da "duban maɗiga" da "awon gudun jini" ga sauran, a kuma riƙa cewa "likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka" a cike. Shawara ce, ba hukunci ba, domin kalmar da aka ƙirƙira a ofis ba ta zama kalma sai ta ratsa kasuwar Maƙarfi ta dawo da ranta. Muna da turbar da magabata suka shimfiɗa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara sunayen cututtuka da sassan jiki masu yawa. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna yadda masana ke zama su daidaita kalmomin fanni. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006. Lewis Wall ya wallafa nazarinsa kan magungunan Hausawa a 1988, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya shafe shekaru yana rubutu a kan wannan fage. Abin da ya yi ƙaranci shi ne nazarin abin da ke gudana a ɗakin likita kansa: me likita ya faɗa, me tafinta ya juya, me uwa ta fahimta, me ta je ta gaya wa maigida da surukarta.

Batun ya wuce fahimta, ya kai ga amana. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, kuma gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a lokacin ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003. Jigon ƙorafin iyaye shi ne ba a yi musu bayanin da suka gane ba. Takardar amincewa da tiyata da aka rubuta da Ingilishi, aka karanta wa manomi a gurguje, ya dangwala yatsa, ba amincewa ba ce a shari'a ko a al'ada. Rubuta irin wannan takarda da Hausa mai sauƙi, a boko da ajami, aiki ne na sassan harsunan Nijeriya a Zariya da Kano da Sakkwato da Kaduna, tare da likitoci.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa na'urar da muka sani da duban ɗan tayi tana da ƙofofi uku zuwa ƙwaƙwalwa, biyu daga ciki kuma za a iya buɗe su a manyan asibitocin Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi ba tare da sabon gini ba. Ga gwamnatin jiha, abin nema shi ne tef ɗin awo a kowace cibiya, da horar da ma'aikata a Maƙarfi, da layin tura hoto zuwa Shika, da biyan kuɗin aikin yara. Ga masana kimiyyar kayan ƙira, ruwan shafawa da kayan koyo. Ga mu masu nazarin Hausa, aiki uku: a tura ɗaliban digiri na biyu da na uku su tattaro, da izinin iyaye da hukumomin asibiti, yadda mutanen waɗannan ƙananan hukumomi ke kiran ciwon kai na jarirai da abin da suke dangantawa da shi, a zauna da likitocin Shika a fitar da ƙaramin ƙamus na ƙwaƙwalwa da laka, a gwada kalmomin a gidajen rediyo da majalisun ungozomomi da wanzamai kafin a buga su. Maɗigar yaro tana rufewa kafin ya cika shekara biyu, kuma duk jaririn da aka haifa a Kudan a bana yana da wannan wa'adi ne kaɗai.